Garin da Kaka Yake Tsallakewa

Ina tsaye a ƙofar makarantar jikata a unguwar Safa a Jidda, da azahar, rana ta take, ina jiran a tashe su, sai na ji wata mata a bayana ta ɗaga murya: “Baisan! Baisan, yalla!” Wallahi sai da na juya ina neman wanda bai san wani abu ba. Kunnena Hausa ya ji. Sai ga wata 'yar yarinya ta sheƙo da gudu, jaka na tsalle a bayanta, ta faɗa jikin matar. Na dafa katanga. Rabona da in ji wannan kalma ita kaɗai, ba komai a gabanta ba komai a bayanta, tun ina yarinya, a bakin wani tsoho da numfashi yake ƙare masa.

Bari in mayar da kai baya, don ka san abin da ya tsayar da tsohuwa kamar ni a bakin titi baki buɗe.

A unguwar Ammariyya na tashi, nan Jidda, a wani tsohon gida mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye. Jiddar lokacin ba ta na'urar sanyaya ɗaki ba ce. Idan zafi ya shigo, iskar teku takan zo da danshi mai gishiri, bango ya riƙa gumi, tufafin shanya su wuni ba su bushe ba. Da safe ƙanshin tamis, gurasar nan mai faɗi, yakan biyo lungu ya haɗu da hayaƙin gawayin Umma. Idan kuwa aikin Hajji ya gabato, gidan namu ya zama ba masaka tsinke: baƙi daga gida, da ƙullin daddawa da kuka da goron da ya soma bushewa, kowa na tambayar ina wane, wane yana raye kuwa. A cikin wannan hayaniya akwai wuri ɗaya da ba ya canzawa, wato tabarmar Kaka, mahaifin Baba, a gindin darbejiyar da ke ƙofar gida. Nan yake zama yana saƙa mafici da kaba, ƙafafunsa a miƙe, tafukansu duk kaushi.

Waɗannan ƙafafu su suka kawo mu ƙasar nan. Yana saurayi ya baro ƙasar Hausa a ƙasa shi da matarsa, suna tafiya suna tsayawa su yi ƙodago, ta Chadi, ta Sudan, har suka ƙetare ruwa. Da suka sauke farali bai juya gida ba. Ya ce wanda ya zo nan ai bai kamata ya koma bai ga Ƙudus ba, suka nausa arewa. A wannan hanyar aka haifi Baba. Su uku suka shiga ƙasar Sham, su biyu suka fito, Kaka da jariri a goye. Innar da muka tashi muka sani, a Jidda Kaka ya aure ta daga baya, ita ta yi wa Baba tsarki ta yi masa ɗawainiya, kuma ban taɓa jin ta ce ba ɗanta ba ne. Kowa a gidan ya san mahaifiyar Baba zazzaɓi ya kashe ta a hanya. Inda aka binne ta ne ba wanda ya sani sai Kaka, kuma wannan ne abin da Baba ya fi so ya sani a duniya.

Za ka ce to me ya hana shi tambaya? Kai ma dai. Baba ɗan fari ne, Kaka kuwa mutumin da ne na sosai. Bai taɓa kiran sunan Baba ba, bai taɓa kallonsa ya yi masa magana kai tsaye ba. Baba na tsugune a gabansa, sai Kaka ya dubi bango ko ya dube ni ya ce, “Ku ce masa ya gyara rufin can kafin ruwa,” ko “Ya ci abinci kuwa?” Baba ya amsa wa ƙasa. Haka suka rayu a gida ɗaya, suna son juna ta hanyar bakin wasu. A irin wannan zama, ta ina yaro zai kawo zancen kabarin uwarsa? Baba dai yana jira, yana sa ran wata rana tsohon zai faɗa da kansa.

Ni kuwa ba kunya tsakanina da Kaka. Matarsa ce ni, haka yake kirana, yana cewa miyata ba gishiri, ina cewa ni ba na son miji mara haƙora. Da la'asar idan inuwa ta faɗo kan lungu mukan kewaye shi, ni da ƙannena da yaran maƙwabta, ya ajiye kaba ya soma mana waƙarsa, yana buga cinya:

Araha, araha,
Ana ta, ana ta,
Ƙudus mai daraja,
Bai da jan, bai da jan,

nan sai ya yi shiru, ya tafa hannu sau ɗaya, tas, sannan ya ƙarasa:

Ba albarka, mu koma gida.

Mukan kwashe da dariya. “Ana ta me, Kaka?” “Wa ne ne bai da jan? Jan hula ko jan wando?” Yakan ce mana sakarkaru, ai garuruwa ne, bi da bi yadda ƙafarsa ta taka su. Mu kuma muka ɗauka tsokana ce irin tasa. Na daɗe ina ganin Araha a raina, gari ne da ake ba da alewa kusan kyauta. Ashe shi sunayen yake faɗa da harshensa na Bahaushe, mu kuma kunnenmu yana ƙarasa mayar da su Hausa.

Tafin nan ne ya tsone mini ido. Yaro ba ya rasa lura. Duk sauran waƙar da fara'a yake yin ta, amma idan ya zo wurin tafin sai fuskarsa ta canza, idonsa ya tafi wani wuri da ba lungunmu ba. Wata rana da sauran yara suka watse na ce masa, “Kaka, a wurin tafin nan ma akwai gari?”

Ya daɗe yana murza kaba kafin ya ce, “Akwai. Mai dabino ne, mai zafi, mai sauro.”

“To me ya sa kake tsallake shi?”

“Yana da nauyi a baki. Bari baƙin Hajji su watse gida ya yi sarari, sai in faɗa miki, ke kuma ki kai masa.”

Na san wanda yake nufi da “masa”. Ban gane girman abin ba a lokacin, ni dai murna nake za a ba ni abin da ba a ba sauran yara ba.

Kafin baƙin su watse ne abin ya faru. A lungunmu akwai wani malamin makaranta, mutumin Sham, dogo mai tabarau, mai son yara. Yana wucewa wata la'asar ya ji mu muna zagaye muna tafi muna “araha, ana ta”. Ya tsaya, ya sa muka maimaita, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba na dawowa daga aiki a tashar jiragen ruwa ya tarar da shi, malamin ya tare shi da murna, shi a ganinsa abin sha'awa ya gano. Ina tsaye ina ji, don Larabcina ya fi Hausata gudu tun a lokacin.

Malamin ya ce Araha ai Ariha ce, kuma masana suna cewa sunan daga wata yake, wanda mutanen da suka riƙa bauta wa a wurin. Ana ta kuwa Anata ce, ƙauye kusa da Ƙudus, sunan wata gunkiya ce ta yaƙi. Bai da jan shi ne Bait Dajan, gidan Dajan, gunkin masu noman hatsi. Ya ce sunayen nan sun girmi Larabci a ƙasar, suna cikin littattafan Bani Isra'ila da Ibrananci, su ma tarar da su suka yi, kowa ya zo sai ya lanƙwasa su da harshensa ya ci gaba da zama. “Na ƙarshen kuwa,” in ji shi, “Ba'albak ce. Ba'al, wanda mutanen Annabi Ilyasu suka bauta wa. Ai ka san ayar.”

Baba ya san ayar. Na ga annurin fuskarsa ya ɗauke. Ya yi wa malamin godiya, ya kaɗa mu cikin gida kamar awaki.

Ba na son ka ɗauki Baba mugu. Mutum ne mai tsoron Allah wanda ya yi karatunsa a masallatan garin nan, kuma jin 'ya'yansa suna rawa suna kiran sunayen gumaka ya girgiza shi har cikin ƙashi. Bayan wannan akwai tsoron mutane. Mu baƙi ne, zamanmu a kan iƙama yake, takardar da ake sabuntawa ana addu'a. Dama can ana yi wa baƙar fata irinmu kallon masu sihiri. Ya isa wani maƙwabci ya ce yaran gidan can suna kiran gumaka a lungu, shi ke nan, sai mu ga kanmu a jirgi zuwa ƙasar da ko hanyar kasuwarta ba mu sani ba.

Tunda ba zai iya fuskantar mahaifinsa ba, sai ya tsaya a tsakar gida, inda murya za ta kai gindin darbejiya, ya yi da mu. “Daga yau kada in ƙara jin waƙar nan a bakin kowa a gidan nan. Kowa, na ce. Sunayen gumaka ne.”

Can sai muryar Kaka ta shigo daga waje, a hankali. “Ku ce masa ban yi wa kowa sujada a garuruwan nan ba. Ruwa na sha, na yi salla, na wuce.”

Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, “Oho dai. Mu ma dutsen garinmu sunan wani dodo gare shi, a gindinsa kuma ake sallar idi.”

Shi ke nan, waƙa ta mutu. Kaka bai yi faɗa ba, bai yi fushi a fili ba, kuma da ma ya yi. Ya koma saƙarsa. Yara suka daina taruwa, don tsoho mara waƙa ba ya tara yara. Da baƙi suka watse na je na raɓa jikinsa na tuna masa alkawari. Ya ce, “Mai gida ya hana. Wa ya sani, ko shi ma na wurin tafin sunan wani gunkin ne? Ba zan sa miki a baki ba.” Na yi magiya, na yi shagwaɓa, na ce na sake shi. Ko murmushi bai yi ba. Baba kuwa bai san akwai wani alkawari ba, bai ma san tafin nan gurbin wani abu ba ne, don bai taɓa zama ya ji waƙar daga farko zuwa ƙarshe ba. Ɗan fari ba ya zama a tabarmar ubansa.

Ciwon ajali ya kama Kaka a wani lokacin zafi, irin wanda ko kuda ba ya son tashi. Aka shigo da tabarmarsa ɗaki. Ina gefensa ina yi masa fifita da maficin da ya saƙa da hannunsa. Ranar da jikin ya yi tsanani, da hantsi, Baba ya ƙi fita aiki. Ya shigo ya durƙusa, kuma a karo na farko a rayuwata na ga ya ɗaga ido ya kalli mahaifinsa. Ya ce, “Baba, don Allah, a ina take?”

Kaka ya buɗe ido. Bai kalle shi ba, ko a wannan hali. Ni ya kalla, kamar yadda ya saba, ya motsa baki.

“Baisan.”

Muka jira sauran maganar. Baba ya matso. Kaka ya haɗiye da ƙyar ya sake cewa, “Baisan... Baisan.” Sai ya lumshe ido kamar wanda ya sauke kaya.

To, ka sa kanka a wurinmu. Tsohon da duk rayuwarsa yake cewa “ya ci?”, “ya dawo?”, “ku ce masa”, yau ya dubi jikarsa ya ce “bai san”. Me za mu ji? Inna ta fashe da kuka ta ce, “Cewa yake bai san inda uwarsa take ba, Allah sarki, tausayinsa yake ji.” Baba kuwa wani abu ya ji daban. Ya ji gori. Ya ji mahaifinsa yana cewa ga wanda ya san ayoyi ya san gumaka, amma bai san kabarin uwarsa ba. Ya zauna a nan har azahar yana jiran a ƙarasa masa jimlar. Kaka bai sake wata magana ba sai kalmar shahada.

Baba ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Muka bar Ammariyya muka koma unguwar Mahjar, aka aurar da mu, ya ga jikoki. Amma abin bai taɓa barinsa ba. Wani lokaci yana shan shayi sai ya ajiye kofin ya ce, ba da kowa ba, “Bai san. Gaskiya ne, ban sani ba.” Da tsufa ya kama shi ya taɓa sa ni in yi masa waƙar da ya hana. Na yi masa, har da tafin. Na gaya masa abin da Kaka ya ce, gari mai dabino, mai zafi, mai sauro. Ya yi ta kuka har gemunsa ya jiƙe, yana cewa da bakinsa ya rufe ƙofar. Ya rasu yana ganin mahaifinsa ya tafi da fushinsa, ya kuma tafi da sunan.

Wannan ne ya sa na dafa katanga a ƙofar makaranta. Daga nan na ƙarasa wurin matar, na yi mata sallama, na ce, “'Yar'uwa, sunan yarinyar nan, mene ne ma'anarsa?”

Ta yi murmushi. Ta ce sunan garin kakanninta ne a Falasɗinu, a kwari kusa da kogin Urdun. Ita ma ba ta taɓa ganinsa ba, an fitar da su tun kafin a haifi mahaifiyarta, yanzu da Ibrananci ake kiransa, Bait Shan. Na ce akwai dabino? Ta dube ni da mamaki ta ce ai da dabino aka san shi tun zamanin da, sunan ma yana cikin hadisi. Ta ce kakarta takan ba da labarin zafinsa da zazzaɓinsa. Game da ma'ana kuwa, ta ɗaga kafaɗa: wasu sun ce sunan wani abin bauta ne na mutanen farko, wasu kuma sun ce ma'anarsa gidan hutawa.

Ban san lokacin da na zauna a kan dakalin mai gadi ba. Matar ta ruɗe tana ta yi mini sannu da Larabci, “Salamtik ya hala,” tana miƙo mini ruwa. Ta ina zan fara yi mata bayani? Da na koma gida na sa ɗana ya buɗe mini taswira a waya. Ga Ariha, ga Anata, ga Ƙudus, ga Bait Dajan. Na bi da yatsa zuwa arewa, hanyar Ba'albak. Baisan yana nan a tsakani, daidai wurin tafin.

Ashe Kaka ya faɗa. Sau uku ya faɗa, da sauran numfashinsa, kuma ni ya kalla saboda alkawarin da ya yi mini, in karɓa in kai masa. Ba gori ba ne, amsa ce. Abin da ya fi ci mini rai, Baba ya sha karanta wannan suna a littattafansa na hadisi, da Larabci, baƙi a kan fari. Amma a bakin mahaifinsa Hausa yake tsammani, Hausa kuwa ya ji.

Yanzu a bene nake zaune, a Safa, ɗaki a rufe, sanyi na busowa daga bango. Gidan Ammariyya babu shi, darbejiyar ma haka. Garin can ba zan taɓa zuwa ba, ko na je wa zai nuna mini kabarin wata baƙuwa da aka binne a gindin dabino tun kafin a haifi kowa a wurin? Sunayen dai suna nan. Gumakan sun ruɓe, masu bautarsu sun shuɗe, waɗanda suka gaje su ma an tashe su, amma sunayen ba su motsa ba, kuma ban ga wanda suka mayar kafiri ba. Da Baba ya san haka tun da wuri, da an bar tsoho da waƙarsa har baƙi su watse.

Jiya da la'asar na zaunar da jikata, wadda take jin Hausa sama-sama amma ba ta mayarwa, na yi mata waƙar ina buga cinya. Da na zo wurin tafin ban tafa ba, na faɗi sunan. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce da Larabci, “Baisan? Ai suna ne, Sitti. Akwai ta a ajinmu.” Sitti take kirana, wato kakata. Nan take ta ji shi daidai, ita da ba ta da Hausar da za ta toshe mata kunne.

Da na idar da sallar magariba na daɗe a kan darduma. Na yi wa Kaka addu'a, na yi wa matar da ban taɓa gani ba, wannan karon da sunan garin da take kwance. Sannan na juya wajen bango, yadda ake magana da ɗan fari a gidanmu, na ce, “Ku ce masa an faɗa masa. Ku ce masa ba fushi aka yi da shi ba.”